Abin da Alƙalami Ya Kama da Abin da Ya Tsallake

Wuri 500,000 a ƙasa, ba takarda

A watan Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawonsa da sunan Abdulkarim, ya sauka Tasawa a hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. Cikin abin da ya ba da labari akwai wani ciniki da ya tarar ana yi, an zube wuri har 500,000 ana ƙirgawa. A wasu ƙasashen bakin teku a zare ake shirya wuri, amma a nan a warwatse yake, dole a bi shi da hannu. Masu ƙirga suna jan biyar biyar da yatsu, su tara tsibi na ɗari biyu, wato hauya goma, ko na dubu, mutum biyar ko shida suna taya juna. Ko buhun da sarakuna kan ɗaure da wuri 20,000 a ciki, ba mai karɓa sai ya zazzage ya ƙirga da kansa. Barth wahalar aikin ya gani. Ni tsarin ne ya ɗauki hankalina: biyar, ashirin, ɗari biyu, dubu, kowane mataki da tsibinsa a fili, ta yadda in an yi kuskure a tsibi guda za a kama shi, ba sai an koma farko ba. Duk wannan ba a rubuta lamba ko ɗaya ba.

Kuɗin da jikinsa ya ce 100, baki ya ce ashirin

Har yau a kasuwannin Tasawa da Mayahi da dala ake ciniki, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. Abin da aka buga 100 a jikinsa dala ashirin ne, na 500 dala ɗari, takardar 1,000 kuma jika, wato dala ɗari biyu.

"Inna, nawa tiyar gero?"

"Ɗari da ashirin, ɗana."

Mai sayen ya auni tiya uku, ya miƙa jika biyu. Kafin ya gama ɗaure bakin buhu ta miƙo masa dala arba'in. Ɗan makarantar da ke tare da shi sai ya mai da 120 zuwa 600, ya ninka uku, ya cire daga 2,000, sannan ya raba 200 gida biyar kafin ya yarda canjin daidai ne. A takardun ƙididdiga ita ce ake sawa a layin waɗanda ba su iya karatu da lissafi ba.

Tambayar beyar

A 1931 da 1932 wani masanin tunanin ɗan Adam na Tarayyar Sobiyet, Alexander Luria, ya bi ƙauyukan Uzbekistan yana yi wa manoman da ba su yi karatu ba tambayoyi. Wadda ta fi yin suna ita ce ta beyar, dabbar nan ta ƙasashen sanyi. Yakan ce musu, can arewa mai nisa inda dusar ƙanƙara take duk beyar farare ne, wuri kaza kuma yana can arewa mai nisa, to beyar ɗin wurin wane launi ne? Da yawansu suka ƙi amsawa. Suka ce ba su taɓa zuwa ba, a tambayi wanda ya je ya gani.

Luria ya ɗauki wannan a matsayin alamar cewa wanda bai yi karatu ba ba ya iya fitar da hukunci daga magana zalla, aka kuma daɗe ana maimaita hakan a littattafai. Amma duk wanda ya taɓa zama a ƙofar mai gari ana shari'ar iyakar gona ya san irin wannan amsa, ya kuma san nauyinta. Dattijon da ya ce "ban gani ba, ba ni faɗi" ƙa'idar shaida yake bi, gani ya kori ji. Baƙo ya zo maka da labarin dabbar da ba ka sani ba a ƙasar da ba ka taɓa takawa ba, ya ce ka yanke hukunci. Ƙin yankewar ma aikin hankali ne. Abin da makaranta ke koyarwa wata al'ada ce ta daban: ka karɓi abin da aka faɗa a matsayin gaskiya na ɗan lokaci, ka bi shi ka ga inda zai fitar da kai. Al'ada ce mai amfani ƙwarai, ba na rage mata daraja. Sai dai yaran da ke zaune gaban kaka da dare sun riga sun iya ta, tunda ba wanda ke tsayar da tatsuniya ya ce shi bai taɓa ganin Gizo yana magana ba. A 2005 wasu masu bincike a Brazil sun gwada irin tambayoyin Luria a kan manya marasa karatu, amma suka fara cewa a ɗauka labarin wata duniya ce daban. Amsoshi na daidai suka ƙaru sosai.

Gari ɗaya, rubutu uku

Mutanen Vai na Laberiya suna da rubutun kansu, wanda Momolu Duwalu Bukele ya fito da shi a shekarun 1830, kowace alama gaɓa guda. Suna kuma da karatun Alƙur'ani da na boko da Ingilishi. Sylvia Scribner da Michael Cole suka ga dama ta samu ta raba tasirin rubutu da tasirin makaranta, suka gwada fiye da mutum dubu, suka fitar da sakamakon a 1981. Iya rubutu kaɗai bai sauya yadda mutum ke amsa tambayoyi irin na Luria ba. Zaman aji ne ya fi sauya shi, musamman wajen bayyana dalilin amsa. Kowane rubutu kuma ya kaifafa abin da ake yi da shi: masu karatun allo sun fi kowa riƙe jerin kalmomi in ana ƙara musu ɗaya bayan ɗaya, yadda ake ƙarin karatu.

Ƙasar Mayahi ma rubutu uku ke zaune a cikinta: na allo, na lakwal, wato makarantar boko, da tifinag na Buzaye, wanda asalinsa baƙaƙe ne kusan zalla, ba ya raba kalmomi, kuma ana iya jan layinsa daga dama ko hagu ko daga ƙasa zuwa sama. A gida da wajen wasa ake koyonsa, ba shi da aji.

Me ya sa muke cewa baƙi da wasali

Yaron da aka kai makarantar allo da babbaƙu yake farawa. Malam ko gardi ya rubuta masa da alƙalamin kara da tawadar gawayi da ƙaro, ya kama yatsansa yana nunawa: alu, am baki, wau, zal. Kowane harafi da sunansa na Hausa bisa surarsa da wurin da ya faɗo, ha kuri, lam jaye, nun ara, ɗa mai hannu. Sai ya ƙware a wannan ake kai shi farfaru, inda ake ɗora wa baƙaƙen wasulla: na sama, na ƙasa, rufu'a, da ɗauri. A Alƙur'anin da alarammomi ke rubutawa da hannu ma haka abin yake a ido, haruffa da baƙar tawada, wasulla da ja.

Daga nan malaman Hausa na jami'a suka ɗauko kalmomin da suke koyar da ilimin sauti da su. Tare da kalmomin kuwa wani ra'ayi ya biyo: baƙi shi ne gangar jiki, wasali abin da ake ɗorawa ne daga baya. Wannan ya dace da Larabci, inda baƙaƙe uku ke riƙe tushen ma'ana. A Hausa wasali da muryar da ke kansa suna ɗauke da kaya mai nauyi, kamar yadda za a gani a ƙasa.

Su kuma gwanayen tsangaya suna da harji, ilimin sanin sau nawa kalma kaza ta zo da sura kaza a cikin Alƙur'ani da wuraren da ta zo. Aikin da yau ake sa kwamfuta ta yi, su da ka suke yinsa.

Ajami ya ji wani abu, boko ya ji wani

Ajami yana nuna dogon wasali, domin Larabci yana nunawa. Mai rubutun ajami ba ya haɗa garin da ake zama da garin da ake tuƙawa, na biyun yana da alif. Boko ya rubuta su iri ɗaya. A ɗaya gefen, boko ya raba o da u, ajami kuwa yawanci rufu'a guda yake ba su. Wasalin e ya samu alamarsa a ajami ne albarkacin ruwayar Warshu, mai ɗigon imala a ƙarƙashin harafi. In da za ka tambayi alaramma da malamin lakwal wasulla nawa Hausa take da su, kowa adadin da alƙalaminsa ya saba rubutawa zai ba ka. Masana harshe suna ƙirga gajeru biyar, dogaye biyar, da tagwaye biyu, ai da au.

Harafin da ba a gani

Tambayi ɗalibi da me kalmar ido ta fara, zai ce da wasali. Masana sun ce babu kalmar Hausa ko ɗaya da ke farawa da wasali. Akwai hamza a gaban ido da uwa da aure, irin wadda ake ji a tsakiyar sa'a. Ajami yana rubuta ta da alif ko ain. Boko ya bar ta a farkon kalma, sai masu karatun boko suka daina lura da ita alhali kullum suna furta ta.

Haka r. Guda biyu ce a baki, ɗaya a takarda. Baran sarki da barar almajiri ba da r iri ɗaya ake faɗinsu ba.

"Ya tafi" sau huɗu

Rubuta "ya tafi" ka ba mutum huɗu su karanta. Na farko ya ja ya ɗin da murya sama: mutumin ya riga ya tafi. Na biyu ya gajarta shi da murya sama, yadda ake yi a tsakiyar labari: sai ya tashi ya tafi. Na uku ya gajarta ya sauke murya, umarni ke nan: a gaya masa ya tafi. Na huɗu ya ja shi murya na gangarowa: kada ka damu, ya tafi wata rana. Lokuta huɗu na nahawu, rubutu ɗaya. Kukan yaro da kukar miya, wuyan raƙumi da wuyar aiki, duk karin sauti ne ke raba su, kuma ajami da boko ba wanda ya ba shi alama.

Saboda haka Turawan farko da suka rubuta nahawun Hausa suka wuce shi ba su ankara ba, sai a ƙarni na 20 aka fara sa masa alama a ƙamus, a na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949. Mai kalangun mahauta kuwa tun kaka da kakanni da shi yake cin abinci. Yana matsa tsarkiya a hammata murya ta hau, ya saki ta sauka, Sarkin Fawa ya ji takensa daga nesa ba a furta baƙi ko wasali ba. A 1980 Dalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello ya nuna cewa mawaƙan Hausa sukan daidaita karin sautin ƙarshen layukansu, abin da ya kira amsa-amon kari. Masu nazarin waƙa a takarda sun daɗe suna kallon layukan nan ba su gan shi ba, don ba a rubuce yake ba.

Yaron da ya zama tushen nahawu

Ɗorugu yaro ne daga wani ƙauye kusa da Kance, gabas da Tasawa. An kama shi bauta, Adolf Overweg abokin tafiyar Barth ya ƴanta shi, Barth kuma ya tafi da shi Ingila a 1855. A can ya zauna da wani ɗan mishan, James Frederick Schön, wanda bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Ɗorugu yana magana, Schön yana rubutawa. Nahawun Schön na 1862, da ƙamusunsa na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885, duk sun sha daga bakin wannan yaro. Kunnen Schön bai raba ɓ da b ba, ko ɗ da d, ko ƙ da k, don haruffan da ya taso da su ba su raba ba. Shekaru masu yawa Hausar da Turai ta sani ita ce wadda ɓata da bata, ƙafa da kafa, suke abu guda.

Ɗorugu ya dawo, ya ƙare rayuwarsa a Kano yana aiki a makarantar Hanns Vischer, Ɗan Hausa, a Nasarawa, ya rasu a 1912, shekarar da Vischer ya fitar da ƙa'idojinsa na rubutun boko. Baƙaƙe masu ƙugiya sai a shekarun 1930 suka zauna, a Zariya, zamanin Rupert East, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta yaɗa su daga 1939.

Saya, saye, sayar, sayo, sayu

A 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai, tsarin da har yau ake koyarwa a jami'o'i. Ma'auninsa biyu ne: wasalin ƙarshe da karin sauti. Rabin ma'aunin ke nan ba ya fitowa a rubutun yau da kullum. Dillalin da ke cewa ya sayo akuya, ya sayar da tunkiya, ya saye kajin duka, rago kuwa bai sayu ba, yana zagaya azuzuwan nan cikin numfashi ɗaya.

Ina kalma take ƙarewa?

"Yana" ko "ya na"? "Gidansa" ko "gidan sa"? "Shi ne" ko "shine"? Malaman Hausa suna zubar da jar tawada a kan wannan kullum, kuma daidai ne su yi, tunda ƙa'ida ƙa'ida ce. Amma baki ba ya barin fili tsakanin kalmomi. Taro aka yi aka yanke inda filin zai zauna, a Bamako a 1966, a Yamai a 1980. Tsofaffin Girkawa da Rumawa a haɗe suke rubutu, sufayen Kirista na Ailan ne suka yaɗa barin fili a ƙarni na 7 da na 8. Marubucin ajami ma yakan manne ƙananan kalmomi a jikin manya yadda Larabci ke yi. Abin da muke kira kalma, wani ɓangarensa na harshe ne, wani na masu shirya rubutu.

Zaurance

A 1979 José Morais da abokan aikinsa suka gwada manya a Fotugal: a cire sautin farko na kalma a faɗi saura. Waɗanda suka koyi karatu, ko da a girma ne, sun iya. Waɗanda ba su koya ba sun sha wuya. A 1986 aka samu irin wannan a Sin tsakanin waɗanda suka san rubutun Sinanci kaɗai da waɗanda suka san haruffa. Abin da wannan ya nuna shi ne, jin magana a matsayin jerin ƙwayoyin sauti ɗai-ɗai, abjadi ne ke koya wa mutum shi.

Gaɓa kuwa ba ta bukatar malami. Ƴan mata masu zaurance suna juya gida ya koma dagi, ko su cusa wata gaɓa bayan kowace gaɓa, da saurin da babba ba ya kamawa. Ousseina Alidou, ƴar Nijar, a kan irin waɗannan wasanni na harsuna shida na ƙasar ta yi digirinta na uku a Jami'ar Indiyana a 1997. Ina ganin duk mai koyar da yaƙi da jahilci ya kamata ya fara daga nan, daga abin da kunnen ɗalibinsa ya riga ya iya yankawa.

Ƴaƴa bakwai da suka koma biyar

Jack Goody da Ian Watt sun kawo wani labari a 1963 daga Gonja, arewacin Gana. Farkon zuwan Turawa an rubuta cewa Jakpa, wanda ya kafa daular, ƴaƴa bakwai ya haifa, daidai da yankuna bakwai na lokacin. Bayan kimanin shekara sittin yankuna biyu sun ɓace, da aka sake tambaya sai aka ce ƴaƴansa biyar ne. Ba wanda ya yi ƙarya da gangan. Tarihin baka yana gyara kansa ya dace da yau, takarda kuwa tana ajiye na jiya ta sa shi gefen na yau, saɓanin ya fito. A nan Goody yana da gaskiya, wannan kyauta ce ta rubutu da ba a musunta.

Tana da farashinta. Jerin Banza Bakwai ya bambanta daga mai ruwaya zuwa mai ruwaya, na Muhammadu Bello daban, na Barth daban. Littafin makaranta ya ɗauki guda ya buga, yara suka haddace, sauran suka zama kuskure a jarrabawa.

Mantiƙi a zaure

Masu cewa tunani mai tsari da boko ya zo su leƙa zaure. Shaihu Maghili, wanda ya zauna Kano zamanin Muhammadu Rumfa ya kuma je Katsina, ya yi jayayya da Imam Suyuɗi na Masar a kan halascin mantiƙi, Suyuɗi yana hanawa, Maghili yana karewa. Ummul Barahina ta Sanusi, wanda ya rasu a 1490, tana buɗewa da kasa hukuncin hankali gida uku: wajibi, mustahili, ja'izi. Sullam na Ahdari yana koyar da yadda ake ɗora magana kan magana a fitar da natija. Kuma yadda ake karatun abin lura ne. Almajiri ya ja Larabci gaɓa gaɓa, malam yana fassarawa da Hausa da baki, na gefe suna saurare. Manomi da bai taɓa riƙe littafin ba yana iya tashi da kason nan uku a kansa, ya yi amfani da su a gardamar kasuwa.

Nahawun wani, nahawun kai

Malaman ƙasar Hausa sun yi ƙarnoni suna karanta Ajurumiya da Alfiyyar Ibn Malik. Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Bahrul Muhiɗ a nahawu da Hisnur Rasin a sarfu. Duk na Larabci. Hausar da suke fassara da ita, suke wa'azi da waƙa da ita, ba su zauna sun tsara mata nahawu ba, domin a fahimtar zamanin nahawu na harshen littafi ne. Turai ma ta daɗe a haka da Latin. Indiya ce ta fita daban: nahawun Sanskrit na Panini, mai ƙa'idoji kusan 4,000, an tsara shi ne don a haddace, aka kuma riƙa miƙa shi baki da baki tun ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa.

Aro ne ko kyauta?

Dokar ƙasar noma ta Nijar ta 2 ga Maris 1993 ta ba haƙƙin da ya samo asali daga al'ada kariya daidai da wanda ke rubuce, aka kuma kafa kwamitocin ƙasa har zuwa ƙauyuka don ba da takardun shaida. Takardar tana da gurabe: saye, kyauta, aro, jingina, gado. Gonar da kakan wani ya ba kakan wani "ya ci" shekaru aru-aru da suka wuce, ana kai damin gero bayan girbi wata shekara, wata shekara ba a kai ba, wane gurbi za ta shiga? Muddin a baki take, zumunci yana iya riƙe ma'ana biyu a lokaci guda. Ranar da aka ɗauko biro dole a zaɓi ɗaya. Takarda ta kashe rigingimu da yawa, ba shakka, amma akwai waɗanda ranar cike ta ce ranar haihuwarsu. Goody ya yi wannan magana a 1977 game da jadawali gaba ɗaya, cewa yana tilasta wa kowane abu shiga akwati guda.

Tessaoua, Tchaké, Guidan Amoumoune

Allunan bakin hanya da kunnen Bafaranshe aka rubuta su: ou a wurin w da u, tch a wurin c, gui a wurin gi. Tasawa ta zama Tessaoua, Maijirgi ta zama Maïjirgui. Wanda ya yi lakwal bai taɓa zama ajin Hausa ba haka yake rubuta saƙo a waya, "ina kouana", "tchikin gari". Ɗan'uwansa na Katsina ya karanta da ƙyar. Sai su koma saƙon murya na WhatsApp, inda karin sauti da dogon wasali da hamza duk suke isa lafiya.

Wace Hausa za a rubuta?

A ƙasar Maraɗi da Gobir ana cewa hwari da tahiya da ɗiya, ana cewa munka zo, sunka tahi. Akwai ma wani sauti da ake yi a wurin ts gaban i da e, mai kama da c mai ƙarfi, wanda daidaitacciyar Hausa ba ta ba shi harafi ba. Daidaitacciyar an gina ta ne bisa Kananci. Illar ita ce yaro ya taso yana jin maganar uwarsa karkatacciya ce, alhali masana tarihin harshe sun nuna cewa siffofi irin su munka da ɗiya sun girmi muka da ƴa.

Wannan tambaya ta daina zama ta malamai kaɗai. Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, ta tsayar da ƙa'idojin rubutun harsunanta a 1999, sannan kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Za a rubuta littattafan aji, da takardun asibiti, da bayanan shari'a. Ra'ayina shi ne a sa alamar dogon wasali da karin sauti a littattafan shekarun farko da kuma duk inda kuskuren karatu zai iya cutar da mutum, a kuma bar wa munka da sunka wuri a littafin karatu, da bayanin inda ake faɗinsu. Akwai kuma ƙaramin abu da ya rage tsakanin Nijar da Najeriya: littafin da aka buga a Zariya 'y yake rubutawa, na Yamai ƴ, kuma duka biyun suna shigowa jakar ɗalibi ɗaya a Korgom.